Kama Da Wane Ba Ta Wane: Kan Jirgin Ƙasa A Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Kano, ko ta Zariya, ko ta Kafanchan, a daidai lokacin da jirgin kaya zai tashi, akwai wata ƙara da ba zai manta da ita ba. Kan jirgi zai yi gurnani, hayaƙi ya turnuƙe sama, amma taragu suna nan tsaye kamar ba da su ake yi ba. Can sai a ji kwaram a tarago na farko, na biyu ya amsa, na uku ya karɓa, ƙarar ta yi ta bin jirgin har ta ɓace a can wutsiya. Kafin taragon ƙarshe ya motsa, kan jirgi ya riga ya yi 'yar tafiya. Dalili kuwa shi ne, a kowace mahaɗa tsakanin tarago da tarago akwai ɗan sassauci, kuma direban da ya san aikinsa da gangan yake bin wannan sassauci sannu a hankali, yana ɗaukar taragun ɗaya bayan ɗaya. Ya san in ya fizge su gaba ɗaya, ko dai ƙafafun kan jirgin su yi ta juyawa a wuri guda, ko kuwa wata mahaɗa ta tsinke, jirgi ya rabu biyu.

Wannan ƙarar ce ta faɗo mini a rai kwanan baya, da na iske waɗansu ɗalibai sun yi cincirindo a kan kwamfuta, ɗayansu yana tuƙa jirgin ƙasa na wasa. Hoton dai ba shi da makusa: ga duwatsu, ga itatuwa, ga ruwan sama yana gangarowa a gilashin direba. Yaron ya danna maɓalli, sai jirgi mai taragu barkatai ya zabura gaba ɗaya kamar keke, da ya matsa birki kuma ya tsaya cak. Nan fa gardama ta kaure. Wani ya ce wasan ya yi daidai da na gaske, tun da kowane agogo da kowace sanda ta ɗakin direba tana nan a mazauninta. Wani kuma, wanda ya ce kakansa ya yi aikin reluwe, ya rantse babu jirgin da ke tafiya haka a duniya. Na biyun ne ke da gaskiya, ko da yake bai iya bayyana dalili ba.

Gardamar nan ta girme su duka. An yi wajen shekara 40 ana yin ta tsakanin masu ƙera irin waɗannan wasanni da masu sayensu, cikinsu har da direbobin jirgin ƙasa na ainihi, waɗanda sukan tashi daga aiki su koma gida su sake kama tuƙi a kwamfuta.

Inda aka faro

A shekarar 1985 wani kamfani na Ingila mai suna Hewson Consultants ya fitar da wasan Southern Belle, domin ƙananan kwamfutocin gida na wancan zamani irin su ZX Spectrum. Hotonsa zane ne kawai na 'yan layuka, amma an ɗora wa mai wasa aikin mutum biyu a kan jirgi mai tururi daga tashar Victoria ta London zuwa Brighton: ya lura da wuta, ya lura da ruwan tukunya, ya lura da birki, ya kuma dubi hayaƙi ya gane ko kwal yana ci yadda ya kamata. A Japan kuwa, wani makaɗi mai son jiragen ƙasa, Minoru Mukaiya, ya fito da nasa a 1995, inda ya yi amfani da hoton bidiyo na gaskiya da aka ɗauka daga ɗakin direba. Ba da daɗewa ba kamfanin Taito ya biyo da Densha de Go!, wanda ya mai da hankali ga abin da Japanawa suka fi ɗauka da girma, watau isa tasha a kan daƙiƙa da tsayawa daidai kan alama, ana auna kuskuren mutum da santimita.

Wanda ya watsa abin a duniya shi ne Microsoft Train Simulator na shekarar 2001, wanda kamfanin Kuju na Ingila ya ƙera. Ya zo da hanyoyi 6: biyu a Amurka, biyu a Japan, ɗaya a Ostiriya, ɗaya a Ingila. A cikinsu akwai hanyar Marias Pass ta cikin duwatsun jihar Montana, da hanyar Settle zuwa Carlisle, inda ake tuƙa shahararren kan jirgin nan Flying Scotsman. Babban alherin wannan wasa shi ne an rubuta halayen kowane kan jirgi da kowane tarago a cikin fayil ɗin da kowa zai iya buɗewa ya karanta: nauyinsa kaza, ƙarfinsa kaza, birkinsa kaza. Saboda haka masu sha'awa suka duƙufa suna gyara lambobin, suna kwatanta su da littattafan kamfanonin jiragen. Microsoft ya yi niyyar fitar da na biyu har sau biyu yana fasawa, na ƙarshe a 2009. Sai masu sha'awar suka haɗu suka rubuta tasu manhajar kyauta, Open Rails, wadda ke karanta tsofaffin hanyoyin amma da lissafi mai zurfi. Akwai kuma Run 8 a Amurka, da Zusi a Jamus, da Train Sim World na kamfanin Dovetail Games a 2017, da Derail Valley, da SimRail na ƙasar Polan a 2023.

To, mene ne ake nufi in an ce kan jirgi na wasa ya yi halin na gaske? Amsar tana farawa ne daga ƙasa, inda ƙafa ta taka dogo.

Ƙarfe a kan ƙarfe

Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ma ƙarfe ne, kuma wurin da suke haɗuwa bai wuce faɗin ƙaramin kwabo ba. Wannan shi ne arzikin jirgin ƙasa, shi ne kuma tsiyarsa. Arzikin shi ne ƙarfe yana mirginawa a kan ƙarfe ba tare da wahala ba: a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, in ana tafiya a hankali, jan da bai fi nauyin kilo 2 ba ya isa ya riƙa tafiyar da kowane tan na kaya. Tsiyar kuwa ita ce rashin riƙo. Kan jirgi ba ya iya jan abin da ya fi wani kaso na nauyin da ke kan ƙafafunsa, komai girman injinsa. A busasshen dogo kason nan yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin 100 ga tsofaffin kawuna, na zamani masu kwamfuta sukan ɗara haka. In dogo ya jiƙe da raɓa ko yayyafi, ko mai ya zuba a kansa, sai ya faɗi zuwa kashi 10, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Bari mu yi lissafi irin na aji, mai karatu ya gani da idonsa. A ce jirgi yana da nauyin tan 5,000. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana bukatar ja na kimanin tan 10. Amma da zarar an fara hawa, ko da tudun da ke tashi mita 1 ne cikin kowace mita 100, wanda mai keke ma ba zai sauka dominsa ba, sai kowane tan ya ƙara neman kilo 10. Jan da ake bukata ya tashi daga tan 10 zuwa tan 60 ke nan. Kan jirgi irin SD40-2 na Amurka, wanda ake samu a yawancin wasannin nan, nauyinsa wajen tan 170 ne. Kashi 25 cikin 100 na wannan bai wuce tan 43 ba. Ashe shi kaɗai ba zai hau tudun ba, sai an ƙara masa ɗan'uwa. In kuma aka yi yayyafi riƙo ya koma kashi 10, ko su uku ne za su tsaya suna ta wulwula ƙafa. Shi ya sa kowane kan jirgi yake ɗauke da akwatin yashi, ana fesa shi a gaban ƙafa don ta sami abin kamawa.

Wasan da ya san abin da yake yi tilas ya yi wannan lissafi sau da yawa cikin kowace daƙiƙa. Masana sun daɗe da shirya masa ƙa'idojin. Tun 1926 wani injiniya na kamfanin General Electric, W. J. Davis, ya fitar da lissafin da ke nuna tirjiyar da jirgi ke gamuwa da ita: wani sashe ba ya canjawa, wani yana ƙaruwa daidai da gudu, na uku kuwa, watau na iska, yana ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu. Jamusawa biyu, Curtius da Kniffler, su kuma suka auna yadda riƙon ƙafa ke raguwa in gudu ya ƙaru. Manhajar Open Rails tana ba mai ƙera kan jirgi damar shigar da lambobin waɗannan ƙa'idoji biyu da hannunsa. Wasannin da aka sauƙaƙa kuwa sukan ɗauki riƙo a matsayin lamba ɗaya tak, rani da damina, ko kuma su kunna 'yar fitila su ce ƙafa tana santsi alhali jirgin yana ci gaba da tafiyarsa lafiya lau.

Kada a ɗauka santsin dogo ƙaramar magana ce. A Ingila ganyayen da ke zubowa da kaka sukan niƙe a ƙarƙashin ƙafafun jirgi su zama wani baƙin shafi mai tsananin santsi. A ranar 31 ga Oktoba, 2021, kusa da garin Salisbury, wani jirgin fasinja ya matsa birki, ƙafafunsa suka zame a kan irin wannan shafi, ya wuce jar sigina ya bugi wani jirgin a bakin ramin da dogo ya ratsa ƙarƙashin tudu. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Injin da ba ya amsawa nan take

Mutane da yawa suna zaton kan jirgi mai shan man dizal babbar mota ce kawai. Ba haka abin yake ba. A yawancinsu injin dizal ɗin ba ya taɓa ƙafa ko kaɗan. Aikinsa shi ne juya janareta, wutar da ta fito kuma ita ke juya waɗansu injunan lantarki da ke maƙale a tsakanin ƙafafu. SD40-2 yana da silinda 16 da ƙarfin doki 3,000, da irin waɗannan injunan ƙafa guda 6. Totur ɗinsa mataki 8 ne, kuma in direba ya ƙara mataki, sai inji ya ɗauki lokaci yana ƙara juyawa, janareta ta ƙara wuta, sa'an nan ja ya ƙaru. Direbobin Amurka sun san cewa tsofaffin kawunan General Electric sun fi na kamfanin EMD nawa wajen amsawa, har sukan ƙara totur tun kafin a iso gindin tudu. Wasan da ya sa duka biyun suna amsawa daidai wa daida, fenti kawai ya canja musu.

Har ila yau, ƙarfin inji ƙayyadadde ne, ana raba shi ne tsakanin ja da gudu: in gudu ya ninka, ja ya ragu da rabi. A ɗaya gefen kuma, in jirgi yana jan ciki a kan tudu da cikakken totur, wutar da ke shiga injunan ƙafa takan yi yawa har su ɗauki zafi. Don haka a tsofaffin kawuna akwai jan yanki a agogon wuta, da ƙa'idar minti nawa aka yarda allura ta zauna a ciki. Wanda ya wuce ƙa'ida ya ƙone inji. Abin mamaki, Derail Valley, wanda kawunan jirginsa ƙagaggu ne, babu su a kowace ƙasa, yana hukunta mai wasa a kan wannan: in ya matsa wa inji, zafi ya hau, wuta ta yanke, ya tsaya a tsakiyar daji. Akwai kuma wasannin da suka zana kan jirgi na gaske har da ƙusoshinsa, amma mutum zai iya barin allura a cikin ja tun safe har dare ba abin da zai faru. A ganina na farkon ya fi kusa da gaskiya.

Birki, inda gizo ke saƙa

In ana so a gane zurfin wasa, a dubi birkinsa. Birkin iska da George Westinghouse ya ƙirƙiro a 1869, ya kuma kyautata shi a 1872, yana aiki ne a juye da yadda mutum zai zata. Akwai bututu guda da ya bi jirgi tun daga kai har wutsiya, cike da matsattsiyar iska, kuma kowane tarago yana da ɗan tankinsa da ke cika daga wannan bututu. Muddin bututu yana cike, birki a sake yake. In direba yana son tsayawa, sai ya rage iskar bututun. Wani bawul a kowane tarago ya ji raguwar, ya tura iskar tankinsa ta matse birki. Hikimar ita ce, in jirgi ya tsinke, bututu ya yage, iska ta fice, dukan taragu su kama birki da kansu.

Amma wannan tsari yana da halaye uku da direba ke kwana da su a rai. Na farko, saƙon birki yana tafiya ne cikin bututu, kuma ko a birkin gaggawa bai fi mita 280 ba a daƙiƙa. A jirgin da ya kai tsawon kilomita 2, taragon ƙarshe ba zai san an taka birki ba sai bayan daƙiƙa 7, a birki na yau da kullum kuwa ya fi haka daɗewa. Cikin wannan tsakani taragun baya suna tahowa da nauyinsu suna dannar na gaba. Na biyu, a jiragen kaya na Amurka ana iya ƙara birki kaɗan-kaɗan, amma ba a iya rage shi kaɗan-kaɗan. In za a sake, gaba ɗaya ake sakewa. Na uku, wanda ya fi haɗari, bayan an saki birki tankunan taragu suna bukatar mintoci kafin su sake cika. Direban da ya yi ta kamawa yana saki a kan gangara zai wayi gari tankuna sun yi rauni, ya matsa birki ya ji wayam.

Saboda haka ne ake haɗawa da birkin lantarki, inda ake juya injunan ƙafa su zama janareta, su riƙe jirgi, wutar da suka haifar kuma a ƙone ta ta zama zafi a rufin kan jirgin.

Abin da ya faru a San Bernardino ta jihar Kalifoniya ranar 12 ga Mayu, 1989, ya isa darasi. Wani jirgin kamfanin Southern Pacific mai taragu 69 ya fara gangarowa daga mashigin Cajon, inda dogo ke sauka mita 2.2 cikin kowace mita 100. Takardar da aka ba direba ta ce nauyin jirgin ya ɗan wuce tan 6,000, alhali kuwa ya kai wajen 9,000, domin ba a auna kayan ba, ƙiyasi aka yi. Daɗin daɗawa, birkin lantarki na waɗansu daga cikin kawunan jirgin 6 ba ya aiki, direban gaba kuma bai san iyakar lalacewar ba. Da gudu ya fi ƙarfinsu aka matsa birkin gaggawa, wanda a tsarin lokacin yakan kashe birkin lantarki, sai ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Takalman birki suka yi zafi har suka daina kamawa. Jirgin ya kai gudun fiye da mil 100 a sa'a, ya kauce a wata kwana ya afka cikin gidajen mutane. Mutum 4 suka mutu, biyu ma'aikatan jirgin, biyu yara. Bayan kwana 13 bututun man fetur da ke binne a wurin, wanda ya sami rauni, ya fashe ya kashe waɗansu mutum 2.

Kowane mataki na wannan masifa lissafi ne da kwamfuta za ta iya yi: nauyi, gangara, yawan birkin lantarkin da ke aiki, zafin takalmin birki. Wasan Run 8 ya yi suna ne a kan haka, domin yana bin iskar bututu tarago bayan tarago, yana kuma lissafa jan da ke kan kowace mahaɗa, har mutum ya tsinka jirginsa in ya yi garaje. A wasanni masu sauƙi kuwa birki sanda ce kawai: ka tura ta rabi, ka sami rabin birki a dukan taragu a lokaci guda, ka dawo da ita, ka sake turawa sau ɗari, iska ba ta ƙarewa. Wanda ya saba da irin wannan ya koyi ɗabi'ar da ke kashe mutane.

Tukunya da wuta

Kan jirgi mai tururi ya fi kowanne wuyar kwaikwayo, domin shi ba ya karɓar ƙarfi daga ko'ina, a cikinsa ake dafa shi. Mai ba da wuta zai zuba kwal yanzu saboda tudun da za a hau nan da minti goma. In ya tura ruwan sanyi cikin tukunya, ƙarfin tururi ya sauka. Direba kuma yana da abu biyu a hannu, mabuɗin tururi da abin da ke ƙayyade tsawon lokacin da tururi zai shiga silinda a kowane bugu. Wajen tashi a buɗe shi sosai, in gudu ya kankama a rage, in ba haka ba tukunya ta kasa. Ruwan tukunyar ma ba ya zama wuri ɗaya: a kan hawa yana komawa baya agogo ya nuna ya yi yawa, da an juya gangara sai ya kwarara gaba ya bar rufin murhu a fili.

In ruwa ya yi yawa kuma, wata fitinar ce. A watan Oktoba na 1994 kan jirgin nan Blue Peter yana tashi daga tashar Durham a Ingila ƙafafunsa suka zame, ruwa ya bi tururi ya shiga bututu, mabuɗin ya ƙi rufuwa. Jirgi yana kusan tsaye, amma ƙafafu suna juyawa da saurin da aka ƙiyasta ya kai na mil 140 a sa'a, har sandunan da ke juya su suka wargaje, direba ya ji mummunan rauni a hannu. Cikin ƙasa da minti guda aka yi ɓarnar da ta ɗauki fiye da shekara ana gyara. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin kawunan tururi na wasa za su yi wa mutum haka. Yawancin wasanni ma suna ba da mai ba da wuta na kwamfuta wanda ba ya gajiya, ba ya kuskure.

Me ya hana a yi shi daidai?

Ba jahilci ne ya hana ba, ciniki ne. Jirgin kaya na gaske yakan ɗauki lokaci mai tsawo ana cika masa iska da gwada birki kafin ya motsa, yakan kuma zauna a gaban jar sigina sa'a guda yana jiran wani ya wuce. Mutumin da ya sayi wasa don ya huta bayan ya taso daga ofis ba lalle ne ya yarda da wannan ba. Da Train Sim World ya fito a 2017 da hanyar Sand Patch ta cikin duwatsun gabashin Amurka, ya sa mai wasa ya bi matakan tayar da kan jirgi da saita birki ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawa sun zauna suna tura totur jirgi ya ƙi motsi, saboda sun manta wani ɗan makunni guda. Waɗansu suka yaba, waɗansu suka yi fushi. Kamfani kuwa yana son kuɗin duka biyun. Ga kuma iyakar ƙarfin kwamfuta: abin da aka kashe wajen zana ciyawa da inuwa, an rage shi ne daga lissafin mahaɗai da bututu. Hoto ake gani a talla, ba a ganin iskar birki.

Akwai kuma wata ƙaryar da ko wasanni masu zurfi suke yi, wadda a ganina ta fi sauran girma. Suna gaya wa mai wasa abin da direba na gaske ba ya sani. A gefen allo an rubuta masa ainihin nauyin jirginsa, da tsananin gangarar da yake kai, da launin siginar da ke bayan kwana, da mita nawa suka rage ya isa tasha. Direban San Bernardino ba shi da wannan allo. Takarda aka miƙa masa, takardar kuma ta yi kuskure da wajen tan 3,000. Direba na gaske yana haddace hanya ne da tafiya a kanta sau da yawa tare da wanda ya riga shi, ya san itacen da in ya gani zai fara rage gudu. Nauyin jirgi kuma a jikinsa yake jin sa, ta kujerar da yake zaune, tun kafin agogo ya nuna. Kawuna biyu da aka ƙera rana ɗaya a masana'anta ɗaya ba su da hali ɗaya bayan shekara 20 suna aiki. Barci da ke fizgar mutum da ƙarfe uku na dare, da tsoron da ke kama shi in ya hango mota ta mutu a kan dogo, babu lambar da za a rubuta a fayil ta kawo su. Abin da mai wasa zai iya yi dai shi ne ya kashe rubutun gefen allo, kuma yawancin wasannin sun yarda a yi haka.

Duk da wannan, kada a raina abin. Tsakanin wasa da aiki katangar ta yi siriri. Manhajar Zusi ta Jamus, wadda Carsten Hölscher ya faro, tana da iri biyu, ɗaya na masu sha'awa, ɗaya kuma wanda kamfanonin jiragen ƙasa ke horar da direbobi da shi. Kamfanin Mukaiya na Japan, Ongakukan, yana ƙera na'urorin horo ga ma'aikatan reluwe, kuma a 2022 ya haɗa kai da kamfanin JR East suka fitar da irinsa ga jama'a. Ɗalibin kimiyya da ya zauna da wasa mai kyau zai ga darasin ƙarfi da nauyi da gudu yana motsi a gabansa, ba a kan baƙin allo ba. Zai kuma gane abin da masu motoci da yawa ba su gane ba a mahaɗar dogo da titi, tun daga layin Legas zuwa Kano har zuwa sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016: jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a sa'a yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, ko da direba ya ga mutum, ko da ya matsa duk birkin da yake da shi.

Ga wanda yake son ya auna wasan da ke hannunsa, akwai gwaji mai sauƙi. Ya tsayar da jirgi mai nauyi a kan gangara, ya ɗaura birkin hannu a taragu kaɗan, ya bar sauran riƙon ga birkin iska na kan jirgi, ya kashe inji, ya zauna ya jira. A daren 5 zuwa 6 ga Yuli, 2013, an bar wani jirgi mai tankunan ɗanyen mai 72 a Nantes ta lardin Kwibek a Kanada, da birkin hannu 7 kacal. Wuta ta kama a kan jirgin gaba, 'yan kwana-kwana suka kashe injin kamar yadda ƙa'ida ta ce, injin tara iska ya tsaya tare da shi. Iska ta yi ta zurarewa a hankali, a hankalin da bai isa ya sa bawul ɗin taragu su kama birki ba, har riƙon kan jirgin ya saki. Jirgin ya gangara shi kaɗai wajen kilomita 11, ya shiga garin Lac-Mégantic da gudun kilomita 105 a sa'a, ya kauce ya kama da wuta, mutum 47 suka hallaka. In jirgin wasan ya kwana a inda aka bar shi bai motsa ba, to wanda ya ƙera shi bai sa yoyon iska a cikin lissafinsa ba.